Rufe Iyaka Da Buɗe Ta: Ina Wasiƙun 'Yan Kasuwarmu?

Sau biyu cikin ƙasa da shekara biyar aka garƙame iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma a duka biyun, a rediyo masu cin abinci a bakin wannan iyaka suka tsinci labarin kamar kowa. Idan ba a manta ba, a watan Agustan 2019 ne gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya, bisa hujjar hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur da makamai. Ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai cikin Disambar 2020, su kuwa Jibiya da Kamba sai da suka jira har Afrilun 2022. Jama'a ba su gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta sake toshe ƙofa, ta kuma yanke wutar lantarkin da take bai wa maƙwabciyar tata. Wannan karon sai a watan Maris na 2024 motoci suka sake ƙetarawa ta hanyar da hukuma ta sani.

Ko shakka babu, duk wanda yake zaune tsakanin Kamba da Gaya, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Kongolam da Matamai, ba ya buƙatar a ba shi labarin abin da ya biyo baya. Albasa ta ruɓe a cikin mota, jarin mutane ya narke a kuɗin ajiya da na gadi, 'yan dako da masu abincin tasha sun wuni ba su ga ko sisi ba, wasu kuma sun koma bin hanyar daji da daddare, inda wanda ya tsira daga jami'an tsaro bai tabbata zai tsira daga 'yan bindiga ba. Mu da muke aikin rediyon al'umma mun sha jin waɗannan koke-koke. Da zarar an buɗe layin waya, sai ka ga lokacin shiri ya ƙare mutane ba su ƙare ba.

To, abin tambaya a nan shi ne, duk wannan kuka ina ya tafi? Wanda ya ɗauko jaridun waɗancan watanni ya duba shafin wasiƙu da na ra'ayoyi, zai tarar da malaman jami'a da lauyoyi da 'yan siyasa da tsofaffin jakadu kowa yana faɗin albarkacin bakinsa game da iyaka. Amma da wuya ya ga sa hannun dillalin shanu na kasuwar Alhamis ta Maigatari, ko na mai sarin wake da ke kai kaya Dawanau. Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne waɗanda aka fi rashin jin ɗuriyarsu a rubuce, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba muna rage darajar rediyo ba ne, domin da ita muke ci, kuma ita ce ke shiga inda jarida ba ta taɓa zuwa ba. Nijar ma ta riga Nijeriya nisa a wannan fage, don tun 1999 aka kafa rediyon karkara ta farko a Bankilare, yayin da Nijeriya ba ta ba da lasisin rediyon al'umma ba sai a 2015. Sai dai gaskiya ɗaya ce, muryar ƙaramar tasha ba ta wuce garuruwan da ke kewaye da ita, kuma abin da aka faɗa da hantsi, kafin la'asar iska ta tafi da shi. Wanda zai sa hannu a takardar rufe iyaka yana Abuja ko Yamai, ba ya kama tasharmu. Haka nan saƙon murya na WhatsApp da ya zama ruwan dare a kasuwanninmu, yana yawo ne a tsakanin mutanen da dama sun san matsalar. Mai albasa ya tura wa mai albasa, kowa ya ce Allah Ya kyauta, shi ke nan an wuce wurin.

Jarida kuwa tafiyarta daban ce. A kusan kowace ma'aikata da hukuma akwai jami'in hulɗa da jama'a wanda aikinsa na safe shi ne ya bi jaridu ya tsamo duk inda aka ambaci ma'aikatarsu, ya ajiye wa maigida a tebur. Gidajen rediyo da kansu suna da shirin sharhin jaridu, saboda haka wasiƙar da aka buga takan dawo ta shiga iska, ta isa har kunnen wanda bai iya karatu ba. Ɗan majalisar da zai gabatar da ƙudiri yana son abin da zai ɗaga a zaure ya ce ga abin da mutanen mazaɓata suka rubuta. Sannan tunda jaridu suka koma sa abin da suka buga a intanet, wasiƙar bara tana nan, wanda ya neme ta zai same ta da kwanan watanta. A jarida mai harsuna biyu irin wannan kuwa, tsakanin shafin Hausa da na Turanci ba wata tafiya ba ce mai nisa, in dai abin da aka rubuto yana da nauyin da zai ja hankalin edita.

Mu dubi waɗanda aka ji muryarsu a waɗancan lokuta. Lokacin rufewar 2019, ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN da masu injinan casa ba su bar jaridu sun huta ba wajen yaba wa matakin, kuma ba laifinsu ba ne, kowa gashinsa yake ja wa wuta. A watan Nuwamban shekarar ne hukumar kwastan ta hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, abin da ya sa mutumin Jibiya ya riƙa sayen mai da tsadar da mutumin Katsina bai sani ba. Masu gidajen mai suna da ƙungiya, suna da sakatare mai biro, suka yi ta kai kuka, kuma a watan Maris na 2020 aka sassauta wa gidajen mai 66. A 2023 kuma, wata ƙungiya mai suna Arewa Economic Forum ta fito ta ce 'yan kasuwar Arewa suna asarar Naira biliyan 13 a kowane mako saboda rufe iyaka. Ko mutum ya yarda da wannan lissafi ko bai yarda ba, adadin ya zagaye jaridu, domin an faɗe shi a inda ake rubutawa. A cikin watan Agustan nan ne sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi amincewa da kai wa Nijar yaƙi, malamai ƙarƙashin jagorancin Shaikh Bala Lau suka je Yamai, Malam Muhammadu Sanusi na II shi ma ya je ya gana da Janar Abdurahman Tchiani. Duk waɗannan sun taimaka wajen kashe wutar. Amma batun takunkumi, wanda shi ne yake cin ɗan kasuwa kullum, sai da ya ƙara wata shida kafin ECOWAS ta ɗage shi a ƙarshen Fabrairun 2024.

Wani zai ce ai rubuta wa jarida aikin 'yan boko ne, ba al'adarmu ba ce. Wannan magana ba ta da tushe. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, ƙarƙashin editanta Malam Abubakar Imam, wasiƙun masu karatu suna cikin abin da ya riƙe ta, kuma a zamanin da talaka ba ya iya ɗaga ido ya dubi ɗan doka, ta wannan kafa mutane da dama suka fara koyon faɗin abin da ke damunsu a gaban jama'a. Manyanmu sun san zamanin da ake samun mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da teburinsa da tawadarsa, ka faɗa ya rubuta, ka biya shi. A Kano kamfanin Triumph ya buga Albishir da boko, ya kuma buga Alfijir da ajami saboda ɗimbin mutanen da karatunsu na allo ne. Fatake kuwa tun fil azal da wasiƙa suke aika saƙon goro da na bashi tsakanin Kano da Gwanja. Saboda haka rubutu ba baƙonmu ba ne, sakaci ne kawai ya shigo.

Kuma ba talauci ba ne. Mun sha ganin alhazan kasuwa sun haɗa kuɗi masu kauri sun sayi shafi guda don taya wani murnar naɗin sarauta ko samun muƙami, da hotuna reras. Wasiƙa zuwa ga edita kuwa kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce a kawo wani abu kafin a buga wasiƙa, to ko dai talla yake son sayar maka, ko kuma aljihunsa yake yi wa aiki.

A ɓangaren Nijar akwai wani dalili na daban da ya kamata a yi wa adalci. Jaridun ƙasar, daga Le Sahel ta gwamnati har zuwa masu zaman kansu da suka ɓullo tun daga 1990, da Faransanci ake rubuta su. Abin dariya ma shi ne, ta farko a cikin masu zaman kan nan sunanta Haske, wata kuma Anfani, suna na Hausa amma ciki Faransanci. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da bai yi lakwal ba, dole ya ga kamar ba don shi ake buga su ba. To amma a watan Maris na 2025 sabuwar dokar da mahukuntan soja suka kafa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Idan har wannan magana ba ta takarda ce kawai ba, hanya mafi sauƙi ta gwada ta ita ce mutane su fara aika wa jaridu da ofisoshi takardu da Hausa, a ga ko za a karɓa.

Abubuwan da za a rubuta a kai kuwa ba su ƙare da buɗe iyaka ba. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2025, ana shirin babbar Sallah, ta dakatar da fitar da dabbobi don farashin rago ya sauko a cikin gida. Mai sayen ragon layya a Yamai ya ji daɗi, amma makiyayin da ya yi shekara yana kiwo da nufin kasuwar Illela ko Maigatari fa? Ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata a ƙarshen Janairun 2025, da harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ƙasashen ƙawancen Sahel suka sanya a kan kayan da ake shigo da su. A gefen Nijeriya, canjin kuɗin farkon 2023 ya bar 'yan kasuwar ƙauye da dabba a hannu babu takardar kuɗin saye, cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar ya ninka kuɗin mota, faɗuwar Naira kuma ta juya lissafin 'yan canji da na duk mai saye da sefa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da waɗanda ya amfana da waɗanda ya kassara, kuma gwamnati ba ta cika jin labarin kashi na biyun ba sai in sun kai mata.

Yanzu, wace irin wasiƙa ce ake bugawa, wace iri ce kuma ke ƙarewa a kwandon shara? Mu ma a ɗakin labarai na rediyo takardu suna zuwa mana, kuma cutar da ke kashe mafi yawansu guda ce, wato son a faɗi komai a lokaci ɗaya. Mutum zai fara da gaisuwa rabin shafi, ya yabi gwamna, ya zagi kansila, ya kawo batun taki, ya koma kan asibiti, sannan a layin ƙarshe ya ambaci shingen da ya sa shi ɗaukar biro. Edita yana da ɗan fili kaɗan da tarin takardu. Wasiƙar da za ta ci nasara ita ce mai batu ɗaya, wadda layinta na farko ya faɗi abin da ya faru da inda ya faru da ranar da ya faru.

A nan ne ɗan kasuwa ya fi kowane farfesa makami, domin shi ke da lissafi. Idan aka rubuta cewa jami'ai suna damun mu a hanya, ba a faɗi komai ba, kowa ya san wannan, kuma babu wanda zai tashi daga kujerarsa saboda ita. Amma idan aka ce ranar Lahadi kaza, daga kasuwa kaza zuwa gari kaza, motar wake mai buhu kaza ta tsaya a shinge kaza, an biya kaza a wuraren da aka ba da rasit, an biya kaza a wuraren da ba a bayar ba, saboda haka kowane buhu ya ƙaru da kaza kafin ya isa hannun mai saye, to wannan ta zama hujja. Mai mulki zai iya musanta ƙorafi, amma lissafi sai dai ya kawo nasa. Kuma duk ɗan kasuwar kirki yana da waɗannan alƙaluma a littafinsa ko a kansa, ko da boko ko da ajami. Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba, yana da ɗa ko yaron shago da zai rubuta masa, ya karanta masa ya ji kafin a aika. A ƙarshen wasiƙa kuma a faɗi abin da ake so a yi, da wanda ake so ya yi shi. Mutane da yawa ba su san cewa tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai ba, wadda batun kasuwanci tsakanin ƙasashen biyu yana cikin aikinta. Kiran sunan irin wannan hukuma a jarida ya fi a ce muna kira ga gwamnati, domin gwamnati ba ta da kunne ɗaya.

Maƙalar ra'ayi ta fi wasiƙa tsawo, kuma ita ba labarin abin da ya sami mutum ɗaya take bayarwa ba, matsayi take ɗauka ta kare shi. Wannan ya fi dacewa da shugabannin ƙungiyoyi, kamar sarkin kasuwa ko shugaban 'yan albasa ko na direbobi. Sharaɗinta shi ne kada a ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowa ya san shinkafar waje da ke sauka a Kwatano ba ta tashi sama ta faɗo kasuwanninmu ba, haka fetur bai ƙetara iyaka da ƙafarsa ba. Maƙalar da ta nuna kamar duk 'yan kasuwar iyaka waliyyai ne, ba wanda zai ɗauke ta da muhimmanci. Wadda ta ce e, akwai fasa-ƙwauri, amma ga yadda rufe ƙofar hukuma ya ƙara wa 'yan fito kasuwa ya kuma kashe mai biyan haraji, ita ce za a tsaya a karanta.

Sai batun tsoro, wanda bai kamata mu yi kamar ba mu san da shi ba. Wanda zai bi hanyar nan gobe da kayansa yana da dalilin yin tunani sau biyu kafin ya sa sunansa a jarida. Kuma dokokin ƙasashen biyu ba wasa ba ne. A Nijar, dokar 'yan jarida ta 2010 ta soke ɗauri a kan laifin ɓata suna, amma a watan Yunin 2024 mahukunta suka maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet, shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da aka ga zai iya ta da hankalin jama'a. Tunda jaridu suna sa wasiƙu a intanet, mai wasiƙa ma abin ya shafe shi. An dakatar da RFI da France 24 a 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, an kuma tsare 'yan jarida, ciki har da Idrissa Soumana Maiga na jaridar L'Enqueteur da ya yi watanni a tsare a 2024. A Nijeriya ma an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu rubutu, duk da gyaran da aka yi mata a 2024.

Wannan ba dalilin yin shiru ba ne, dalilin iya rubutu ne. A faɗi abin da ido ya gani da abin da hannu ya biya, a bar abin da aka ji a majalisa. Kada a kira wani jami'i da suna a ce ɓarawo ne, a faɗi wuri da rana da adadi, hukumarsa ta san wanda ta ajiye a wurin. A adana rasit ko kitansi, domin edita mai hankali zai tambaya. A bar siyasar wane ne ya dace ya yi mulki a Yamai ko Abuja, a tsaya a kan buhu da mota da haraji. Dole ne edita ya san cikakken sunan mai wasiƙa da garinsa da lambar wayarsa don ya tabbatar mutum ne ba aljani ba, amma ana iya roƙonsa ya sakaya sunan, kuma yawancin editoci suna mutunta wannan. Mafi aminci duka shi ne a rubuta da sunan ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da wuya a tare mutum ɗari biyu a shinge a ce su ne suka yi rubutu. Idan ƙungiyar 'yan kasuwar Illela da takwararta ta Ƙonni suka sa hannu a takarda ɗaya, aka aika wa jaridun ƙasashen biyu, ba wanda zai ce wata ƙasa ce ke yi wa wata zagon ƙasa.

Idan an aika ba a buga ba, a sake aikawa, ko ta hannun wakilin jaridar na jiha, ko ta imel, ko ta lambar da jaridar ta bayar. Ba kowace wasiƙa ke samun fili ba, amma editan da ya ga takarda uku daga kasuwa ɗaya a kan batu ɗaya, yakan tura wakilinsa ya je ya gani da idonsa.

Wani abin da muka lura da shi kuma shi ne, ko waɗanda suke rubutawa sai abu ya lalace suke ɗaukar biro, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Ga misali a gabanmu. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya a wannan layi, lissafin kasuwannin iyaka zai canza. A ina za a riƙa duba kaya da biyan kuɗin kwastan da na duwan, a Jibiya ne ko a Kano da Maraɗi? Idan a can ne, me zai rage wa 'yan dako da dillalai da masu masauki na garuruwan tsakiya? Za a ware taragon dabbobi da na albasa, ko kuwa sai mai kwantena ne zai samu wuri? Mai buhu 20 zai iya yin lodi, ko sai ya bi ta hannun mai buhu 2,000? Waɗannan tambayoyi a ofis za a yanke su, kuma kamfanonin sufuri da manyan masu shigo da kaya suna da masu rubuta musu takarda. Kasuwar Jibiya tana ci kowace Lahadi, shugabannin 'yan kasuwa suna haɗuwa a can, kuma zama ɗaya bayan la'asar ya isa a tsara wasiƙar farko a kan inda za a ajiye ofishin duba kaya.